Komawa Gida Ta Ƙofar Jami'a: Tsokaci A Kan Wasu Marubuta 'Yan Asalin Meziko

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba su dai gaya mana ko wanda gida ya bari yana iya komawa ba, kuma in zai koma, ta wace ƙofa. A ƙasar Amurka akwai wata al'umma da ta shafe fiye da shekara hamsin tana gwada wata amsa, wato a koma ta ƙofar jami'a. Su ne 'yan asalin ƙasar Meziko waɗanda aka haifa ko suka tashi a Amurka, da yawansu suna kiran kansu Cikano. Yaro zai tashi bai iya Sifaniyancin kakarsa ba, bai san sunan ƙauyen ubansa ba, sai ya shiga jami'a ya ɗauki darasin tarihin Meziko da adabinta da kiɗe-kiɗenta, ya fito yana cewa ya gano kansa. Wannan labari ya zama babban jigo a rubuce-rubucensu, har ya kusa zama yayi. Abin da muke son dubawa a wannan fitowa shi ne yadda marubuta uku suka riƙe jigon, da abin da riƙon ya yi wa alƙalaminsu. Ɗaya daga cikinsu ma ƙaryata jigon ya yi baki ɗaya, kuma da shi za mu fara.

Amma kafin nan ya kamata mai karatu ya san mafarin al'amarin, domin ruwa ba ya tsami banza. Bayan yaƙin da aka gwabza tsakanin Amurka da Meziko daga 1846 zuwa 1848, an sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, inda Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta, ciki har da Kalifoniya. Mutanen da ke zaune a waɗannan wurare suka kwana a Meziko suka wayi gari a Amurka ba tare da sun ɗaga ƙafa ba. Daga baya wasu suka biyo, masu gudun yaƙin juyin juya halin da ya ɓarke a 1910, da leburorin gona da aka riƙa ɗebowa a ƙarƙashin shirin Bracero daga 1942 zuwa 1964. 'Ya'yansu suka shiga makarantun da a yawancinsu yin Sifaniyanci laifi ne mai jawo horo. A watan Maris na 1968 dubban ɗaliban sakandare a gabashin Los Anjeles suka fice daga azuzuwa, suna neman a daina wulakanta harshensu, a kuma koyar da tarihinsu. A shekarar aka buɗe sashen nazarin 'yan asalin Meziko a kwalejin jiha da ke Los Anjeles. A 1969 malamai da ɗalibai suka taru a Santa Barbara suka rubuta kundin tsarin yadda ya kamata a kafa irin waɗannan sassa, kuma a 1972 Rodolfo Acuña ya fitar da littafin tarihinsa Occupied America, wanda ya zama littafin aji a wurare da dama. Abin bai zo da sauƙi ba: har a 1993 sai da wasu ɗalibai da wani malami suka yi yajin cin abinci na mako biyu a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles a kan wannan buƙata.

Ana tsakiyar wannan fafutika ne Richard Rodriguez ya fito da Hunger of Memory a 1982, ya watsa wa jama'arsa ruwan sanyi. An haife shi a 1944, ya tashi a Sacramento, iyayensa baƙi ne daga Meziko. Ya ce ranar da aka kai shi makaranta kalmomin Turancin da ya sani ba su wuce hamsin ba. Da malamansa, mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika, suka ga yaron ba ya buɗe baki a aji, sai suka taka har gida suka roƙi iyayensa su riƙa yi wa yara Turanci. Iyayen suka amsa don biyayya. Daga nan Ricardo ya koma Richard, ya zama zakara a aji, ya je Stanford, ya je Columbia, ya je Berkeley yana nazarin adabin Ingilishi na zamanin su Shakespeare, har Landan ya je bincike. Jigon littafin a taƙaice shi ne: ilmi ya raba ni da iyayena, rabuwar ta yi zafi, amma dole ce, kuma riba ce. A kan haka ya soki koyarwa da harshe biyu, ya soki tsarin ba tsiraru fifiko wajen ɗaukar aiki, har ya ƙi karɓar aikin koyarwa da manyan jami'o'i suka yi masa tayi, don yana ganin launin fatarsa aka duba.

'Yan'uwansa Cikano ba su yafe masa ba, kuma an kira shi da sunaye marasa daɗi. Mu dai a namu karatun, ko da mutum ya ƙi ra'ayin, ba zai iya raina rubutun ba. Babi na farko, wanda ya sa wa suna Aria, darasi ne ga duk mai koyon rubutu. Rodriguez bai tsaya yana gaya mana cewa gidansu ya canza ba. Sauti ya bi. Ya nuna mana yadda Sifaniyanci ke sauka a kunnen yaro kamar hannu a kafaɗa, da yadda muryar ubansa ke rawa in yana ƙoƙarin yin Turanci da wani yaro mai sayar da mai. Sai kuma shirun da ya biyo baya. Uban, wanda sana'arsa ƙera haƙoran roba ce, ya riƙa rage magana a gida har aka ɗauka ɗabi'arsa ce rashin surutu, alhali in ya haɗu da abokansa masu Sifaniyanci sai baki ya buɗe. Dangi suka laƙaba wa yaron sunan poco, kalmar da 'yan Meziko ke zolayar wanda ya zama Ba'amurke ya manta harshe. Duk waɗannan ya kawo su da gajerun jimloli, wani lokaci kalma ɗaya tak a cikin baka biyu, kamar mai magana yana haɗiye wani abu. Wanda bai ji ciwon ba ba zai iya wannan salon ba. Jiki magayi.

Inda muka rabu da shi shi ne wajen hujja. Ya raba harshe gida biyu, na cikin gida da na bainar jama'a, ya ba Sifaniyanci ɗaka ya ba Turanci kasuwa da kotu da jami'a. A rayuwar yaro ɗan shekara shida a Sacramento wannan gaskiya ne. Amma mai rubuta littafin ba yaro ba ne, mutum ne da ya zauna a ɗakin karatu na Gidan Tarihin Birtaniya. Yaya za a yi wanda ya karance marubutan Ingila na ƙarni na 16 ya yi magana a kan Sifaniyanci kamar harshen da ba shi da littafi ko ɗaya? Harshen Cervantes ne fa. A Meziko kanta an yi Sor Juana Inés de la Cruz a ƙarni na 17, kuma Juan Rulfo ya fitar da Pedro Páramo tun 1955. Tomás Rivera, wanda ya tashi yana bin iyayensa aikin gona daga jiha zuwa jiha, ya yi digirin digirgir a adabin Sifaniyanci, ya rubuta ƙagaggen labarinsa da harshen, har ya shugabanci Jami'ar Kalifoniya ta Riverside, ya rubuta raddi a kan littafin wanda aka buga a 1984, shekarar da ya rasu. Rayuwar Rivera kaɗai ta isa ta karya dokar da Rodriguez ya kafa. Kuskuren Rodriguez irin wanda marubutan tarihin kai ke yawan faɗawa ne: abin da ya same ni, shi ne zai sami kowa.

Sai dai akwai wuri ɗaya da kibiyarsa ta sami nama, kuma masu sukarsa ba su cika son tsayawa a nan ba. Ya ba da labarin ɗaliban Cikano a jami'a masu sanye da tufafin leburori da mayafin ƙauye, suna nuna su ne talakawan gona, alhali shigarsu jami'ar ta riga ta fitar da su daga cikin talakawan. Ya ga wasan kwaikwayo a ciki. Muna ganin ya ga wani abu na gaskiya, kuma ana iya ganin sa a adabin da yunƙurin ya haifar. A watan Maris na 1969, a taron matasa da aka yi a Denver, aka fito da aƙidar Aztlan, wato cewa kudu maso yammacin Amurka ita ce asalin mazaunin ƙabilar Aztek kafin su gangara su kafa birnin Tenochtitlan. A fagen siyasa wannan dabara ce mai ƙarfi, domin ta ce wa wanda ake kira baƙo shi ne mai gida. A fagen adabi kuwa ta cika waƙoƙi da gumakan Aztek da fuka-fukai da dalar dutse da mikiya, kayan da aka ɗebo daga littafin aji. Meziko tana da harsunan gargajiya 68 da hukuma ta amince da su. Yaron da kakansa ya fito daga jihar Michoacán, ƙasar Purepeca waɗanda Aztek suka yaƙa ba su taɓa cinye su ba, sai ka gan shi ya raɗa wa kansa sunan Aztek yana kuka a kan faɗuwar Tenochtitlan a 1521. Wanda ya fito daga Tlaxcala kuwa, kakanninsa ne ma suka taya Sifaniyawa rushe birnin. Zanen aro ke nan, ba ya rufe katara. Kakar da ke gida tana da labarin ƙauyensu da sunan waliyyin da suke yi wa biki da yadda aka yi yunwa a shekara kaza, amma ba wanda ya tambaye ta, don ba ta cikin manhaja.

Wannan ya kawo mu ga Américo Paredes, wanda a ganinmu shi ne ya amsa tambayar tun kafin a yi ta. An haife shi a Brownsville, a bakin kogin da ya raba Teksas da Meziko, a 1915. Ya yi aikin jarida, ya yi waƙa da jita a gidan rediyo, ya yi soja, ya yi rahoto daga Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da shekara talatin da biyar ya dawo ya shiga Jami'ar Teksas a Austin, ya kammala digirin digirgir a 1956. Kundin nasa shi ne ya fito a 1958 da sunan With His Pistol in His Hand, nazari a kan waƙar baka guda ɗaya, irin waƙar maza da suke kira korido, wadda aka yi wa wani manomi mai suna Gregorio Cortez.

Labarin Cortez zai yi wa mai karatu daɗi, domin a kan fassara ya ta'allaƙa. Ranar 12 ga Yuni 1901 wani shugaban 'yan sandan gunduma mai suna Morris ya je gonar Cortez yana binciken satar doki, tare da tafinta wanda Sifaniyancinsa bai nuna ba. Aka tambayi Cortez ko ya yi musayar doki kwanan nan, ya ce a'a. Gaskiya ya faɗa, domin goɗiya ya musanya, kuma a harshensa, kamar a namu, doki daban goɗiya daban. Tafinta ya ɗauka ƙarya ce. Magana ta yi zafi, Morris ya harbi ɗan'uwan Cortez, Cortez ya harbe Morris ya gudu. Kwana goma ɗaruruwan mutane suna farautarsa, yana tafiya wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan dabba, kafin a kama shi kusa da iyaka. Ya sha shari'a, ya yi zaman kurkuku, gwamna ya yi masa afuwa a 1913, ya rasu a 1916. Tun a shekarar da aka yi farautar aka fara rera waƙarsa a mashaya da gonaki.

Abin lura ga marubuci shi ne zubin littafin. Paredes ya ba da labarin Cortez sau biyu. A babin farko na labarin ya ba da shi da muryar tsofaffin da ya saurara yana yaro, waɗanda ke taruwa da dare lokacin zafi suna hira, da ƙarin gishirinsu da gardamarsu a kan ko Cortez dogo ne ko gajere, kowa yana kamanta shi da kansa. A babi na gaba sai ya ajiye wannan murya ya ɗauki ta mai bincike, ya bi takardun kotu da jaridun lokacin da bakin waɗanda suka san mutumin, ya tace abin da ya faru daga abin da aka ƙara. Bai bar ɗaya ta kunyata ɗaya ba. Sannan ya jera ruwayoyin waƙar daban-daban ya kwatanta su. Da wannan makami ya tunkari Walter Prescott Webb, babban malamin tarihi a jami'ar da shi Paredes ya yi karatu, wanda littafinsa na 1935 ya mai da dakarun Texas Rangers gwaraza ya kuma siffanta ɗan Meziko da tsoro da mugunta. Paredes bai yi zagi ba. Ba'a ya yi amfani da ita, mai sanyi, irin wadda sai an wuce shafi ake jin zafinta.

To, me jami'a ta ba Paredes? Ba ta ba shi waƙar ba, da ita ya zo a bakinsa, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ta ba shi hanyar shiga ɗakin ajiyar takardu, da dabarar auna ruwaya da ruwaya, da matsayin da in ya yi magana dole a amsa masa. Shi da kansa ya san ɗaya fuskar al'amarin. Tsakanin 1936 da 1940 ya rubuta ƙagaggen labari, George Washington Gómez, wanda bai ga ɗab'i ba sai 1990. Tauraron, Guálinto, yaro ne da Rangers suka kashe ubansa, kawunsa ya rene shi, dangi suka ɗora masa burin zama jagoran jama'arsa. Aka yi ta wahala aka kai shi jami'a. Ya dawo lauya, ya gajarce sunansa, yana kuma yi wa sojan Amurka leƙen asirin mutanen garinsu. Wato shekara arba'in kafin Rodriguez, Paredes ya riga ya zana mutumin da makaranta ta cinye, amma bai kira abin riba ba, bai kuma ce ƙaddarar kowa ce ba. A 1970 shi ne ya jagoranci kafa cibiyar nazarin 'yan asalin Meziko a Austin. (Mu ma nan ba baƙin wannan matsala ba ne. An sha ganin ɗalibin da ya rubuta kundi a kan waƙoƙin daka daga kundin wani, alhali turmi na ƙara a bayan ɗakinsa.)

Ta uku, Reyna Grande, ba za mu daɗe a kanta ba, ko da yake littafinta ne ya fi dacewa da jigon kai tsaye. An haife ta a Iguala a 1975, aka tsallako da ita iyaka ba takarda tana 'yar shekara tara. A The Distance Between Us na 2012 ta faɗi yadda wata malamarta a kwalejin Pasadena ta miƙa mata littattafan Sandra Cisneros da Helena María Viramontes, karo na farko da ta ga mutane irinta a cikin littafi. A A Dream Called Home na 2018 ta kai mu Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz, inda ta shiga ƙungiyar raye-rayen gargajiyar Meziko, ta koyi rawar jihohin da ba ta taɓa takawa ba. Wurin da littafin ya fi rai shi ne inda ta koma Iguala ziyara ta tarar mutanen da ta tashi da su suna kallon ta a matsayin baƙuwa. Nan ta yi gaskiya: Mezikon da aka koya mata a dandalin rawa, mai siket kala-kala, daban take da ta unguwar da ta baro, mai ɗakunan kara da kwali. Aibin rubutun shi ne yawan bayani. Da ta kawo fage mai kyau sai ta tsaya ta gaya mana abin da ya kamata mu ji, kamar mai ba da tatsuniya da ke tsoron yara ba su gane ba. Da ta yarda da mai karatu, da kashi ɗaya cikin huɗu na littafin ya tafi ba a yi asara ba.

A nan ne abin mamakin yake. Grande ta fi Rodriguez gaskiyar ra'ayi a ganinmu, amma shi ya fi ta iya yin shiru inda ya kamata. Babinsa na ƙarshe ya buɗe da wasiƙar da uwarsa ta rubuto masa tana roƙon ya daina bayyana sirrin gida ga baƙi, ga shi kuma yana bayyana har wasiƙar. Ya san cin amana ne, bai wanke kansa ba. Wannan tambaya ce da masu komawa gida ta jami'a ba su cika yi wa kansu ba: kakar da aka ɗauki muryarta aka sa a kundi, an nemi izininta? Ta san abin da aka rubuta? Za ta iya karantawa? Bayan shekara goma Rodriguez ya fitar da Days of Obligation, wanda ya kira gardama da ubansa ɗan Meziko, kuma don rubuta shi sai da ya taka zuwa Meziko da kansa. Mutumin da ya ce an rufe ƙofa ya koma yana ƙwanƙwasawa.

Shafin ƙarshe na Hunger of Memory daren Kirsimeti ne. 'Ya'ya sun girma, sun yi arziki, sun zo da manyan motoci da kyaututtuka, suna ta sallama ana watsewa. Uwar tana tsaye a bakin ƙofa ta hango mijinta a waje ba rigar sanyi, ta miƙa wa Richard ta ce ya kai masa. Ya ɗora masa a kafaɗa, ya ji yadda hannuwan tsohon suka rame. Uban ya juyo ya tambaye shi ko shi ma tafiya gida zai yi yanzu. Sai Richard ya lura cewa tun da aka fara taron, maganar da ubansa ya yi masa ke nan.